Sana'ar Haɗa Kiɗa da Ɗaukar Sauti: Hanyar Dogaro da Kai ga Matasan Karkara

Lacca ga matasa da iyaye a garin Shanono, Jihar Kano

  



Gabatarwa

An nemi in yi bayani a kan sana'ar da nake ci da ita, wato haɗa kiɗa da ɗaukar sauti, musamman yadda mutum zai yi ta yana mai zaman kansa, ba a ƙarƙashin wani kamfani ko gidan rediyo ba. Na san akwai iyaye a nan da ke ɗaukar zaman sitidiyo a matsayin zaman banza. Na kuma san akwai matasan da ke zaton da zarar sun sayi kwamfuta sun zama gwanaye. Ina fatan kafin mu tashi kowane ɓangare ya sake tunani. Wannan sana'a ce sosai, tana da ilimi da ƙa'ida, jarinta na farko kuwa shi ne kunne da amana. Kuma matashin Shanono yana da wasu abubuwa a hannunsa waɗanda na birni ba shi da su.

Wane ne mai wannan sana'a?

Ayyuka biyu ne mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne mai haɗa kiɗa, wanda ake kira furodusa. Mawaƙi zai zo masa da baitoci da kari a baki. Shi zai saurara, ya zaɓi saurin kiɗan, ya tsara inda amshi zai shigo da inda za a bar kiɗa ya huta, ya ce wannan baitin ya yi tsawo, wancan kuma a sake shi. Na biyu shi ne injiniyan sauti. Aikinsa shi ne ya kafa makirfo, ya ɗauki murya tsaf ba tare da hayaniya ba, sannan ya daidaita muryoyi da kayan kiɗa har su zauna da juna. A manyan sitidiyoyin duniya kowane aiki da mai shi. A wajenmu galibi mutum ɗaya ne ke yin su duka, kuma shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai tayar da janareta.

Ina so iyaye su lura da faɗin wannan fage. Malamai sun yi maganganu a kan kiɗa, kuma kowa ya san inda ya tsaya. Fatawa ba tawa ba ce. Amma ko wanda ba zai taɓa kayan kiɗa ba yana da abin yi a nan. Akwai ɗaukar karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi. Akwai waƙoƙin ɗaliban Islamiyya na walimar sauka. Akwai tallan rediyo, da sanarwar rigakafi, da saƙonnin malaman gona. Akwai ɗora muryar Hausa a kan fina-finai, aikin da kamfanin Algaita ya yi suna a kansa. Akwai ma gyaran lasifikar masallaci don na sahun baya ya ji huɗuba ba tare da kuwwa ba. Yau muna jin muryar Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, alhali duk sun riga mu gidan gaskiya, domin wani bawan Allah ya tsaya da rikoda a gabansu. Yawancin waɗannan bayin Allah ba a san sunansu ba, amma al'umma tana cin gajiyar aikinsu.

Inda aka fito

A da, mawaƙin Hausa ba ya samun a ɗauki muryarsa sai ta ƙofa biyu: gidan rediyo ko kamfanin faifai. Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki muryoyin makaɗa da dama, kamfanoni irin su EMI kuma suka buga faifan garmaho. Ta haka muka gaji Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa nan kusa da mu ta ɓangaren Katsina, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji da Barmani Choge. Wanda bai samu shiga waɗannan ƙofofi ba, komai gwanintarsa, muryarsa ta tafi tare da shi.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma da ya yaɗu a ƙasar Hausa sai kowane mai rikoda ya zama mai iya ɗauka da kwafa. Daga nan finafinan Hausa suka taso. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. A ƙarshen shekarun 1990 sitidiyoyin Kano, irin na Iyan-Tama, suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna ya fitar da sautin ganga da sarewa da sauransu daga cikinsa. Waƙar fim ɗin Sangaya ta nuna wa kowa cewa wannan salo yana da kasuwa. Shi ne aka riƙa kira nanaye, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda ya samo asali. Bayan fiyano sai kwamfuta ta shigo da manhajoji irin su FL Studio da Cubase, titin Gidan Zoo a Kano ya cika da sitidiyoyi, kasuwa kuma ta tashi daga kaset da faifan CD na Ƙofar Wambai ta koma memori da 'yan tura waƙa a waya, yanzu kuma intanet.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, a kowane zango kayan aikin suna ƙara ƙanƙanta da araha, ƙofar kuma tana ƙara buɗewa. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar mai kaɗa jita, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin salon sitidiyoyinmu. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya saka ɗaya a kundin waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutane a 2011. Yau Mdou yana zagaya duniya. Kamfanin wannan Ba'amurke, Sahel Sounds, ya sake fitar da kundin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013. A can Amurka ma, kundin mawaƙiya Billie Eilish na 2019 a ɗakin kwanan yayanta aka haɗa shi, ya kuma lashe kyautar Grammy ta 2020, har da ta ingancin sauti. Saboda haka ƙanƙantar ɗaki ko nisan gari ba su isa su hana aiki mai kyau fita ba.

Ɗaki da kayan aiki

Matasa sukan fara tambayata wace kwamfuta za su saya. Ni kuwa nakan fara tambayarsu wane ɗaki za su zauna, domin makirfo ɗakin yake ji kafin ya ji mawaƙi.

Ka shiga ɗakin da kake so, ka rufe ƙofa, ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wata siririyar ƙara tana kai da komowa tsakanin bango da bango, to duk muryar da ka ɗauka a nan za ta fito da wannan amsa-kuwwar, kuma babu manhajar da za ta cire ta tsaf. Maganinta shi ne abubuwa masu laushi da kauri: katifa a jingine a bango, bargo, labule mai nauyi, darduma a ƙasa. Ka sake tafawa, za ka ji tafin ya tsaya cak. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tare komai na a zo a gani.

Matsala ta biyu daban take, wato hana ƙarar waje shigowa. Wannan nauyin bango ne ke yin ta. A nan ginin ƙasa mai kauri, mai rufin azara, ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Kwano yana ɗaukar zafi, ruwan sama kuma in ya sauka a kansa aiki ya tsaya. Abin da masu sitidiyo a birni ke kashe kuɗi su samu, wato bango mai kauri da unguwa mai shiru, yana nan a gidajen kakanninku. Sai dai ka san lokacin da injin niƙa ke tashi da lokacin da dabbobi ke dawowa daga kiwo, ka tsara aikinka.

Kayan farawa ba su da yawa: kwamfuta matsakaiciya, ƙaramin akwatin da ke shigar da sauti cikinta wanda muke kira sawunkad, makirfo ɗaya mai kyau, abin ji na kunne mai rufe kunne duka, da wayoyi masu inganci. Makirfo iri biyu ne. Akwai mai tsananin ji, wanda ke buƙatar wuta bolt 48 daga sawunkad; shi ya fi dacewa da murya a ɗaki mai shiru. Akwai mai juriya irin na taro, wanda ya fi dacewa da ganga da aikin waje. Wanda bai da kuɗin manhaja ya fara da Audacity, kyauta ce.

Sai wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sitidiyon da ya dogara da janareta kaɗai ribarsa a tanki take ƙarewa. Ga ƙararsa da ke shiga makirfo, ga kuma wani gurnani da wutar da ba ta da tsabta ke sakawa cikin sauti. Kayan da na lissafa ba sa cin wuta sosai, don haka ƙaramar sola da batir da inbata za su riƙe su, kuma ba su da ƙara. In da zan sake farawa yau a ƙauye, sola zan saya kafin manyan sifiku.

Aikin kunne

Ga mawaƙi ya tsaya a gaban makirfo. Ka bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin bakinsa da makirfon, ka sa 'yar ragar da ke tare iskar baki, wadda ko da safa da waya za ka iya haɗa ta. Ka ce ya rera wurin da ya fi ɗaga murya a waƙar, ka daidaita ƙarfin shigar sautin a kan wannan wurin, yadda alamar ba za ta taɓa ja ba. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, wadda ta fashe kuwa ta fashe ke nan. Sannan ka kula da mutumin kansa. Wani yana shiga ɗaki ya ga makirfo sai muryarsa ta ɗauki rawa. Ka ba shi ruwa, ka yi masa hira, ka bar na'ura tana ɗauka tun yana gwaji, domin sau da yawa gwajin ne ke fin kyau.

Wajen haɗa sautuka, ku tuna da gonar da aka shuka gero da dawa da wake tare: in ba a ba kowanne tazararsa ba, mai tsawo zai shanye gajere. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga mai kauri sosai, mai kaɗawa 20 a daƙiƙa, zuwa siriri mai kaɗawa 20,000. Kowane kayan kiɗa da wurin zamansa a wannan fili. In ganga da fiyano da murya suka taru a wuri ɗaya, sai ka rage wa wani don wani ya fito.

Wanda za a fifita kuwa a waƙar Hausa shi ne murya. Bahaushe magana yake bi a waƙa: azanci, kirari, habaici, nasiha. In bai ji kalmomi ba, waƙar ba ta shige shi ba, komai daɗin kiɗan. Harshenmu kuma yana da karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ma'ana ke rataye a kansu. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 don gyara ɗan kaucewar murya, ta zama ado a waƙoƙinmu, kuma ba na hana amfani da ita. Amma in aka matsa ta har kalmomi suka narke, muryar Audu da ta Garba suka zama ɗaya, to an cuci mawaƙin, domin muryarsa ita ce shaidarsa.

Makaɗan gargajiya kuma hukuncinsu daban ne. Mai kalangu yana matse igiyoyin da hammatarsa yana saki, sautin yana hawa yana sauka yana bin maganar mawaƙi. Fiyano ba ya iya wannan. Haka nan jagora da 'yan amshi da makaɗa numfashi ɗaya suke yi, suna kallon juna, sauri yana ƙaruwa in waƙa ta yi zafi. In ka raba su, ka ce kowa ya shigo shi kaɗai ya bi bugun kwamfuta, za ka samu sauti mai tsabta amma babu rai a cikinsa. Ka zaunar da su yadda suka saba, ka sa makirfo kusa da jagora, wani a gaban 'yan amshi, makaɗa kuma ka ɗan ja da su baya, ka bar su su yi abinsu.

Idan ka gama, kada ka tsaya a sifikun sitidiyo. Masu sauraronka a ƙaramar waya za su ji, ko a rediyon mai shayi, ko a cikin motar kasuwa. Ƙaramar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, don haka ka gwada aikinka a kanta. Ka ajiye asalin aikin a tsarin WAV, wanda minti ɗaya yakan ci kusan megabait 10, ka ba da MP3 mai cin kusan megabait 1 don yawo a waya. Kuma ka tsare kunnenka. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 bai kamata a zauna cikinta fiye da awa 8 ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Zaman kai da lissafi

Mai zaman kansa ba shi da albashin ƙarshen wata, don haka dole ya san shekararsa. A yankinmu kuɗi yana bin amfanin gona. Da damina kowa yana gona, aiki yakan ja baya. Lokacin koyo ne da gyaran kaya, kai ma ka shiga taka gonar. Da kaka, in an kai gyaɗa da wake kasuwa, bukukuwan aure sukan yawaita. Watan Maulidi na sha'irai ne, watan Sha'aban na walimar makarantu, azumi na tafsiri. Kakar siyasa kuma tana zuwa duk bayan shekara huɗu da ayyuka masu yawa, kamar yadda kowa ya gani a 2015 da 2019 da 2023, lokacin da waƙoƙin su Dauda Kahutu Rarara suka cika gari. Wanda ya samu a lokacin yalwa ya ajiye na lokacin ƙaranci.

Wajen yanka farashi, ka lissafa wutar da ka ƙona, da data, da lalacewar kaya, da awannin da ka zauna, sannan ka ɗora ladan gwanintarka. Ka karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi, kafin ka taɓa kwamfuta. Ku yi magana tun farko a kan sau nawa za a dawo gyara, domin akwai mai dawowa kullum da sabon ra'ayin abokansa. Kada cikakken aiki ya fita hannunka sai an cika maka. Ka ba da samfuri gajere a ji. Aikin siyasa kuwa a biya shi duka kafin zaɓe. Na san kunya tana hana mu faɗin kuɗi ga ɗan'uwa ko abokin ɗan'uwa, amma wannan kunyar ta rufe sitidiyoyi da yawa, ta kuma ɓata zumuncin da ake gudun ɓatawa.

Maganin wannan shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa, da boko ko ajami: sunan aiki, kuɗi, ranar bayarwa, da wanda ya mallaki me. Wannan na ƙarshe shi ne wanda aka fi sakaci da shi. A waƙa ɗaya akwai baitoci da karinsu, akwai kiɗan da ka ƙirƙira, akwai kuma ɗaukar kanta. Shin kiɗan nan sayar da shi ka yi gaba ɗaya, ko kana da kaso in waƙar ta kawo kuɗi? Shin kana iya ba wani mawaƙin irinsa? Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Ta kuma kare waƙa da kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Wannan dukiya ce da 'ya'yanka za su iya gada.

A zamanin kaset maganar kaso ba ta da ƙarfi, domin masu kwafa ne ke cin riba. Yanzu akwai YouTube da Audiomack da Boomplay, Spotify ma ya shigo Nijeriya a 2021. YouTube yakan fara raba kuɗin talla da tashar da ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Waƙar da aka haɗa a Shanono tana iya samun masu saurare a Maraɗi da Kumasi da Jidda. Ka nace a rubuta sunanka a jikin kowane aiki, domin shi ne tallanka. Ka kuma je Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ka san ƙa'idojinta na rajista kafin ka buɗe ƙofa.

Amana

Duk abin da na faɗa ba zai tsaya ba in babu amana. Mawaƙi yana barin waƙar da bai saki ba a kwamfutarka; in ta fita ta hannun yaronka ko abokinka, ka kashe masa kasuwa, kai ma ka kashe taka. Ka ajiye kowane aiki a wuri biyu, domin kwamfuta tana mutuwa ba sallama. In ka ce Laraba, ta zama Laraba; alƙawari kaya ne. In mace ta zo ɗaukar murya, ta zo da wani nata, ƙofa kuma a buɗe in ba lokacin ɗauka ba. Kada ɗakinka ya zama matattarar shaye-shaye. In aka kawo maka waƙar cin mutuncin wani ko ta hura wutar gaba tsakanin jama'a, ka mayar da kuɗin. A birni mai sitidiyo yana iya ɓata suna a wata unguwa ya koma wata. A nan kowa ya san gidanku, kuma wannan sanin shi ne zai kawo maka aiki in ka riƙe gaskiya.

Dukiyar da ke hannunku

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Da yawan matasanmu burinsu su kwaikwayi sautin Legas ko na titin Gidan Zoo. Koyo daga gare su ba laifi ba ne, amma in ka tsaya a kwaikwayo kullum kana bayansu. Abin da ba su da shi, kai kake da shi: gangar noma da ake kaɗa wa manoma a gayya, kalangun mahauta, kirarin maharba, sarewar makiyaya, shantu da kiɗan ƙwarya, waƙoƙin gaɗa na dandali. Injin niƙa ya kusa shafe waƙoƙin niƙa, siminti ya kusa shafe waƙoƙin daɓe. Tsofaffin da suka san su, da waɗanda suka san tarihin kafuwar Faruruwa da Kokiya da Tsaure da Alajawa, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

A shekarun 1960 wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a Zariya yana ɗaukar kiɗan Hausa, shi da Anthony King kuma suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗanmu a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗa. Amma babu manazarcin da zai iya shiga kowane ƙauye. Kai da ke zaune a nan, ka san wanda ya iya, ka san ranar da ake yi, kuma za a sake da kai. Wannan aiki yana da lada, yana kuma da kasuwa: masu finafinai da gidajen rediyo da ɗaliban jami'a suna neman irin wannan sauti, masu haɗa kiɗa a birane kuma suna neman bugun kalangu na gaske da za su saka a ayyukansu. Sharaɗi shi ne ka nemi izini, ka biya mai fasahar, ka rubuta sunansa da garinsa da ranar ɗauka, ka kuma mayar masa da kwafinsa.

A nan 'ya'yanmu mata suna da gurbin da namiji ba zai cike ba. Waƙoƙin reno da na niƙa da na amare a cikin gida suke, inda aka rubuta ba shiga. Yarinyar da ta iya riƙe rikoda ita kaɗai ce za ta iya ceto su, kuma aikin tace sauti a kwamfuta ana yin sa daga ɗaki.

Kammalawa

Ga ƙannena matasa: ku nemi ubangida ku zauna a ƙarƙashinsa, ku naɗe waya, ku share ɗaki, ku saurara, kafin ku buɗe naku. Ku fara da wayar da ke hannunku tun yau, ku ɗauki muryar kakanku yana ba da tarihi, ku saurara ku gano abin da ya ɓata ɗaukar, gobe ku gyara. Kada ku bar makaranta saboda sitidiyo, domin lissafi da Turanci da ilimin addini duk za ku buƙace su a cikinsa.

Ga iyaye: in yaro ya nuna sha'awa, ku binciki wurin da zai koya da mutumin da zai koya masa, kamar yadda za ku yi in ɗinki ko kanikanci zai shiga, sannan ku sa masa albarka.

Ga shugabannin ƙaramar hukuma da masu hali: ɗaki ɗaya mai sola da kwamfuta biyu da makirfo, a ƙarƙashin kulawar mutum mai amana, zai koyar da matasa da yawa, ya kuma zama ma'ajiyar muryoyin wannan ƙasa. Ga iyayen ƙasa kuma, ranku ya daɗe, kalma ɗaya daga bakinku za ta sa dattawa su buɗe wa yaran nan ƙofa su ba su abin da suka sani.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya ba mu damina mai kyau, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.